Gajeren labarin soyayya mai karen ɓoye: yadda ake haɗa karen da soyayyar wuri guda

Wata marubuciya ta aiko da tambaya. Tana rubuta gajeren labarin soyayya wanda a cikinsa akwai karen da ba na wannan duniya ba, wato karen ɓoye, ta kai kalmomi wajen 3,000, amma da ta koma ta karanta sai ta ga soyayyar na bin hanyarta, karen ma na bin tasa. Tana son ta san inda matsalar take, tsawon da ya dace da irin wannan labari, da kuma ko karen ne ya kamata ya zama masoyin.

Malama, kafin ki gyara ko jimla ɗaya, yi wannan gwaji. Kwafi labarin a wani wuri, ki goge duk layin da aka ambaci karen, ki karanta abin da ya rage. In saurayin da budurwar sun haɗu, sun saɓa, sun shirya, komai ya tafi sumul ba tare da shi ba, to karen ado ne kawai, kuma mai karatu zai gane haka tun a shafi na biyu. A labarin da ya ginu, in aka cire karen komai rushewa yake yi, domin shi ne sanadin haɗuwar masoyan, shi ne kuma dalilin da ya sa zamansu tare ya yi wuya. Aiki biyu ke nan a wuyan dabba ɗaya. Yawancin rubutun da ke lalacewa, aikin farko kaɗai aka ba karen: ya tsinke igiya, ya ruga, ya faɗa wa wani saurayi, aka yi dariya, aka yi musayar lambar waya, daga nan aka manta da shi sai a shafin ƙarshe.

Matsayi uku ne karen zai iya riƙewa, kuma gajeren labari ɗaya kawai yake iya ɗauka. Ko dai shi ne masoyin, wato mutum ne da ke rikiɗa ko aka yi wa tsinuwa. Ko kuma abokin ɗaya daga cikin masoyan ne, mai gadi ko mai rakiya, wanda yake da nasa sirrin. Ko kuma ɗan aike ne daga wata duniya, ya zo karɓar bashi ko sanar da ajali. In wannan ne labarinki na farko a wannan fanni, shawarata ki ɗauki na biyu ko na uku. Na farkon shi ya fi jan hankali, shi ne kuma ya fi yawan ramuka, zan zo kansu.

Abin da ke mayar da kare na ɓoye shi ne ƙa'idar da yake tafiya a kanta. Jajayen idanu da girman jiki kowa na iya rubutawa. Duba tatsuniyoyin al'ummu daban-daban, za ki ga duk karen da ya daɗe a bakin mutane yana da doka guda mai sauƙin riƙewa. A tsaunukan Sikotland akwai Ku-shi, kare mai launin kore, girmansa kamar ɗan bijimi, yana tafiya shiru, amma yakan yi haushi sau uku da tazara a tsakani, kuma dole matafiyi ya kai mafaka kafin na ukun. Karnukan Annun na yankin Wels farare ne masu jajayen kunnuwa, kukansu ya fi ƙarfi idan suna nesa, yana raguwa yayin da suke matsowa, wato shirun shi ne abin tsoro. A Amurka ta Tsakiya, irin su Guatemala da El Salbado, akwai karnukan Kadeho guda biyu, fari mai tsare matafiyin dare da baƙi mai cutar da shi. A tsohon imanin Aztek na Meziko, kare ne ke haye da mamaci wani kogi a hanyarsa ta zuwa lahirarsu, Miktilan, kuma kare mai ruwan ɗorawa ake so, saboda fari zai ce ya riga ya yi wanka, baƙi kuma ya ce ya riga ya ɓata jikinsa. A Ingila akwai labarin cewa wanda aka fara binnewa a sabuwar maƙabarta shi zai yi gadinta har abada, don haka sai a binne baƙin kare a madadinsa. Sarbaros mai kai uku na Girkawa yana barin kowa ya shiga lahira, ba ya barin kowa ya fito, amma kiɗan mawaƙi Ofiyos ya kwantar da shi lokacin da mawaƙin ya je lahira neman matarsa.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki agogo ce ko ƙofa ce. Haushi uku agogo ne, yana ba ki fitowa uku da tashin hankalin da ke ƙaruwa. Karen da ba ya barin a fito ƙofa ce, ɗaya daga masoyan na ciki, ɗaya na waje. Gajeren labari ba shi da filin gina duniya mai sarakuna da ƙabilu da tarihin shekara dubu, doka ɗaya mai kaifi ita ke yi masa wannan aikin duka.

Labarin da ya fi kusa da abin da kike nema shi ne na Panhu, wanda al'ummomin Yao da She na ƙasar Sin ke ɗauka a matsayin kakansu. Sarki ya yi alkawarin aurar da 'yarsa ga duk wanda ya kawo masa kan maƙiyinsa, sai karensa ya kawo. A wata ruwaya, karen ya ce a rufe shi a ƙarƙashin ƙararrawar zinariya kwana 7 zai zama mutum, da sharaɗin kada a leƙa. Gimbiya ta kasa haƙuri don tsoron kada yunwa ta kashe shi, ta ɗaga ƙararrawar a kwana na 6. Jikinsa ya zama na mutum, kansa ya tsaya na kare. Lura da abin da ya karya dokar: tausayi ne, wato ƙaunar ce da kanta ta jawo asarar. Wannan shi ne ginin da nake so ki koya. Dokar ta zama wadda ƙauna ce za ta sa a karya ta.

In kina son ɗanɗanon tarihi, akwai baƙin karen gabashin Ingila, Black Shuck. An rubuta cewa ranar 4 ga Agusta 1577, ana tsakiyar hadari mai tsawa, wani baƙin kare ya faɗa cocin garin Bungay ya kashe mutum biyu da ke durƙushe suna addu'a, kuma a cocin Blythburgh har yau ana nuna wasu tabban ƙuna a jikin ƙofa ana danganta su da shi. Duk da haka, a wasu yankunan na Ingila baƙin kare mai rakiya ne, yana bin matafiyin dare har ya kai gida lafiya sannan ya ɓace. Dabba ɗaya, fassara biyu. Marubucin soyayya ya fi cin riba da wannan shakku, domin jarumarki za ta iya shafe rabin labarin ba ta san ko kāre ta ake yi ko farautarta ba. Abu ɗaya dai: wasu daga cikin waɗannan halittu suna cikin addinin mutanen da ke raye yau, misali karnukan da mabiya Zoroasta ke girmamawa a al'amuran jana'izarsu. Ki ari tsarin dokar ki gina naki karen, kada ki ɗauko abin bautar wasu ki mayar da shi saurayi.

Bayan doka sai farashi. Rubuta jimla uku a takarda ki manna a gabanki: abin da karen ke iya yi, abin da ba ya iya yi ko da zai mutu, da abin da ake biya duk lokacin da ya yi amfani da ikonsa. Ta ukun ita marubuta suka fi tsallakewa. Karen da ke warkar da rauni, ya bi ta bango, ya ga gobe, ya kuma yi magana, ba tare da ya rasa komai ba, ya kashe labarin, domin duk matsalar da ta taso mai karatu zai tambaya me ya hana karen warware ta.

Bari mu gina misali ɗaya mu gani. Jarumar ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare. Tun tana ƙarama ita kaɗai ke ganin wani baƙin kare da ke zuwa ya kwanta a ƙofar ɗakin majinyacin da kwanansa ya ƙare. Yana zuwa dare uku, kowane dare haushi ɗaya, a na ukun ya tafi da mutumin. Saboda haka ta horar da kanta kada ta shaƙu da kowa. Akwai direban motar ɗaukar marasa lafiya da ya daɗe yana neman ta saurare shi, tana kaucewa. Wani dare ta fito ta tarar da karen kwance a ƙarƙashin motarsa, ya ɗora haɓa a kan takalminsa, shi kuwa yana ta yi mata hira bai san komai ba. Kin ga karen ya haɗa su, domin yanzu dole ta matso kusa da mutumin da take gudu, kuma ya raba su, domin kwana uku kacal gare ta. Dokar: karen ba ya komawa hannu wofi. Farashin: yana karɓar musaya daga wanda ya ciyar da shi da hannunsa, amma wanda ya yi haka ya zama mai riƙonsa, duk inda aka aike shi sai ya raka shi. Wato in ta ceci saurayin, za ta ƙare rayuwarta tana tsayawa a ƙofar masu mutuwa, abin da ta fi tsana a duniya. Yanzu akwai zaɓi na gaske, kuma zaɓin na soyayya ne.

Sai jikin karen kansa. Mai karatu zai yarda da abin al'ajabi ne gwargwadon yadda kika gamsar da shi da abin da ya sani. Kare da hanci yake karanta duniya: ƙwayoyin jin ƙamshi a hancinsa suna iya kaiwa miliyan 300 a wasu nau'o'in, na ɗan Adam kuwa wajen miliyan 6 ne. Yana jin sauti mai kaifin da ya ninka iyakar kunnenmu fiye da sau biyu. Launuka biyu ya fi bambancewa, shuɗi da ruwan ɗorawa, ja da kore kuwa rikice masa suke yi, don haka in labarin daga idonsa ake ba da shi, kada ya yaba jar rigar budurwa. Zai san ta da warin sabulun asibiti da gumin tsoron da ke ƙasansa. Zafin jikinsa ya fi namu, tsakanin digiri 38 da 39, wanda ya jingina da shi zai ji ɗumi sosai, kuma wannan ya ba ki hanya mai sauƙi ta nuna karen ɓoye: ki sa nasa jikin ya yi sanyi. Haki shi ne babbar hanyarsa ta rage zafi, gumi kuwa ta tafin ƙafa yake yi, shi ya sa karen da ya firgita ke barin jiƙaƙƙen sawu a daɓe. Idanunsa na ƙyalli da dare ne saboda wani shimfiɗi a bayan ido da ke mayar da haske, wato sai an haska shi yake ƙyalli. Karen da idonsa ke haske a ɗakin da babu fitila ko kaɗan, wannan ba na gida ba ne, kuma layi ɗaya ya isa ya faɗi haka.

Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. Wutsiyar da ta miƙe sama tana kaɗawa a ƙanƙame gargaɗi ce, wadda ta saki tana juya har da ƙugu ita ce ta maraba. Hamma da lasar hanci da kau da kai alamun damuwa ne. In ya duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya, gayyatar wasa yake yi. Ƙura ido tsakanin karnukan da ba su san juna ba barazana ce, amma tsakanin kare da mai shi shaƙuwa ce: wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kallon juna na ƙara oksitosin, sinadarin da ke da alaƙa da shaƙuwa, a jikin su biyun. Yi amfani da wannan. Ranar da karen ɓoyen ya fara kallon jarumarki ido cikin ido ba tare da gashin bayansa ya miƙe ba, wani abu ya canja, ba sai kin yi bayani ba.

Dabarar ita ce ki ba shi halaye huɗu ko biyar na kare na gaske, sannan ki karya ɗaya tak. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Wani ƙaton kare mai ban tsoro da jajayen idanu ya bayyana, gabanta ya faɗi." Na biyu: "Ya zagaya sau biyu kafin ya kwanta, kamar kowane kare, ya sauke numfashi, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ruwan sama na zuba a kansa, amma ƙasan da ya kwanta a kai a bushe yake, gashinsa ma haka." Na biyun bai ambaci tsoro ba, mai karatu ne ya kawo shi da kansa.

Kada ki rubuta kyarkeci ki kira shi kare. Bambancin na da muhimmanci ga jigon. Kyarkeci a adabi na daji ne, na 'yanci da yunwa. Kare kuwa na bakin ƙofa ne, tsakanin gida da waje, kuma tambayar da yake ɗauke da ita ta biyayya ce: wa yake yi wa, don me, yaushe zai ƙi. Wannan tambaya ta dace da soyayya ƙwarai, domin masoyi ma ita ake yi masa. Haka nan ki yi hattara da batun "shugaban garke" mai danne kowa da ƙarfi, wanda ya cika irin waɗannan labarai. Tunanin ya samo asali ne daga nazarin da masanin dabbobi Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji, waɗanda ba dangin juna ba ne. Masanin kyarketai David Mech, wanda ya taimaka wajen yaɗa shi, ya rubuta a 1999 cewa a daji garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. In saurayinki mai kishi ne da iko da hana budurwa motsi, kada ki fake da cewa ɗabi'ar dabba ce, hali ne da kika ba shi, kuma labarin ya kamata ya tuhume shi a kai.

Wannan ya kawo mu ga ramukan matsayi na farko, inda karen shi ne masoyin. Rami na farko shi ne ɓoye sirri. In budurwa ta tsinci kare, ta kai shi ɗakinta, tana canja kaya a gabansa, tana faɗa masa abin da ba ta faɗa wa kowa ba, alhali mutum ne mai cikakken hankali a ciki, to an ci amanarta. Ko dai ki sa ya riƙa juya baya yana fita daga ɗakin, wanda kuma zai zama alamar da za ta tuna daga baya, ko ki bar ta ta yi fushin da ya dace ranar da ta gano, fushi na gaske mai ɗaukar fitowa guda cur. Marubutan da ke wuce wurin da jimla ɗaya suna rasa masu karatu mata a daidai nan. Rami na biyu shi ne mallaka. Ita ke ciyar da shi, ita ke ɗaure shi, ita ke ba shi umarni. Soyayya ba ta tsayuwa sai tsakanin mutum biyu da kowannensu ke iya cewa a'a, don haka dole a sami lokacin da igiyar za ta fita daga wuyansa, ya sami damar tafiya, sannan ya zaɓi zama. Rami na uku: duk wata kalma ko taɓawa ta soyayya ta kasance yana cikin siffar mutum da hankalinsa. A siffar kare akwai rakiya da gadi da tausayi, iyakar ke nan. Sai ƙananan tambayoyin da mai karatu mai lura zai yi: ina tufafinsa ke zuwa in ya rikiɗa, raunin da ya ji a wata siffa yana bin sa zuwa ɗayar, yana tuna abin da ya gani, shekarunsa na tafiya da lissafin kare ne ko na mutum. Ta ƙarshen tana da nauyi, domin kare kan rayu shekara 10 zuwa 13, manyan nau'o'i ma ƙasa da haka. Masoyin da kowane wata a siffar kare ke cinye masa wata bakwai na rayuwa ya riga ya zo da farashinsa.

Akwai kuma gajeriyar hanyar da ake yawan bi: ya shinshina ta, nan take ya san ita ce rabonsa. Ƙaddara na iya haɗa su, amma ba ta isa dalilin so ba. Ki ba mai karatu aƙalla abu biyu da kowannensu ya gani a ɗayan da idonsa, wani aiki ko wata magana, wanda ko babu sihiri zai sa a so mutum.

Batun tsawo kuwa, ma'aunin da ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi ta Amurka ke amfani da shi wajen kyaututtukanta shi ne aka fi bi: ƙasa da kalmomi 7,500 gajeren labari ne, daga 7,500 zuwa 17,500 matsakaici, daga 17,500 zuwa 40,000 ƙaramin littafi. Ga irin naki, 4,000 zuwa 6,000 ya wadatar. Ƙasa da 3,000 soyayyar ba ta samun lokacin nuna, sai ta fito ɗanya. A wannan tsawo kina da wurin masoya biyu, kare ɗaya, da mutum ɗaya na gefe in ya zama dole. Wurare biyu ko uku, kwanakin da ba su wuce mako ba, ko kuma lokuta uku masu maimaita juna kamar dare ukun misalinmu.

In muka ɗauki 5,000, ga yadda zan raba. Kalmomi 500 na farko su nuna jarumar da raunin zuciyarta da karen, duka uku, kuma abin al'ajabin ya bayyana kafin ƙarshen shafin farko, don mai karatu ya san irin labarin da ya shiga. Sai 800 na haɗuwa ko tilasta kusanci. Sai 700 inda dokar ke fitowa fili, ta hanyar abin da ya faru a gaban ido, kamar majinyacin da ya cika bayan haushi na uku. Kada wani tsoho ya zauna ya karanto tarihin karen, wannan shi ne wurin da labarai da yawa ke mutuwa a tsaye. Sai 900 na shaƙuwa, kuma nan ne za ki rage gudu, ki bar su su yi hira, su yi wani ƙaramin aiki tare, karen na kwance a gefe yana tuna mana agogo. Sai 700 na ɓaraka: ta faɗa masa gaskiya bai yarda ba, ko ya yarda ya hana ta sadaukarwar. Sai 900 na zaɓi da biyan farashi. Ragowar 500 na rufewa. Ba dole lissafin ya zauna daidai haka ba, amma in bayanin duniya ya haura kashi ɗaya cikin goma na labarin, ki rage.

Ta idon mutum ɗaya za ki ba da labarin. Sauya ido tsakanin masoya biyu na aiki a dogon littafi, a gajere kuwa yana raba hankali, yana kuma tona sirrin da ya kamata ya daɗe. Ba da labari ta bakin karen yana da daɗi a shafi ɗaya ko biyu, amma yana da wuyar riƙewa, saboda ko dai ya koma mutum mai gashi, ko ya koma abin dariya. In kin nace, ki tsare shi a kan wari da sauti da jiki, jimloli gajeru, ba ya sanin sunayen abubuwan da kare ba zai sani ba. Shawarata kuma kada ya yi magana da baki. Karen da ya buɗe baki ya yi bayani ya zubar da kwarjininsa, shirunsa ne ke sa mai karatu ya riƙa kallonsa.

Ƙarshen labarin yana da sharaɗi. Masu wannan fanni sun daɗe da daidaitawa a kan abu biyu: soyayya ce ginshiƙin labarin, kuma ana rufewa da masoyan tare cikin kyakkyawan fata, ko na har abada ko na yanzu. In saurayin ya mutu, kin rubuta labarin ban tausayi ko na tsoro, wanda ba laifi ba ne, amma kada ki tallata shi da sunan soyayya, masu karatu za su ji an yaudare su. Kashe karen kuma don a matso hawaye hanya ce mai arha, mutane da yawa na ajiye labari saboda ita, har akwai shafin intanet da ake dubawa musamman don a san ko kare ya mutu a fim ko littafi kafin a fara. Karen ɓoye yana ba ki mafita da yawa: a sallame shi daga gadin da ya daɗe yana yi, ya koma inda ya fito, ko ya zauna amma ya rasa ikonsa ya zama kare mai tsufa kamar kowane. Farashin dai a biya shi a gaban mai karatu. A misalinmu, ta miƙa wa karen abinci a tafin hannunta a dare na uku, ya ci, saurayin ya rayu, ita kuma ta zama mai rakiya. Abin da ya mayar da shi labarin soyayya shi ne fitowar ƙarshe: an aike ta wata ƙofa da tsakar dare, ta fito, ta tarar ya riga ya tayar da mota yana jiranta, ya buɗe ƙofar baya don karen da shi kansa ba ya iya ganinsa.

Ga abin da za ki yi da kalmomi 3,000 da ke hannunki. Rubuta dokar da farashin a jimla uku. Bi fitowa ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta a gefe abin da karen ya canja tsakanin masoyan a cikinta: ya matso da su, ya nisanta su, ko ya tona wani abu. Fitowar da ba ki sami abin rubutawa ba, ko ki haɗe ta da wata ko ki cire. Nemo wurin da aka fara faɗin dokar, ki tabbata ya zo kafin tsakiyar labarin, domin dokar da ta ɓullo a shafin ƙarshe don ta ceci jarumai magudi ce. Ja layi a ƙarƙashin duk inda kika rubuta "mai ban tsoro" ko "abin mamaki", ki musanya shi da abin da ido ya gani ko hanci ya ji. Sannan ki ba mutum biyu su karanta: wanda ya taɓa kiwon kare, ya nuna miki inda dabbar ta yi abin da kare ba ya yi ba da niyyarki ba, da mai karanta labaran soyayya, ta nuna miki shafin da ta fara yarda cewa waɗannan biyun suna son juna. In shafin ya wuce kashi biyu cikin uku na labarin, fitowar shaƙuwar ce ke buƙatar ƙari, kuma daga bayanin tarihin karen za ki samo kalmomin.